Shekarar da Aka Raba Littafin Baba

Na san abin da ake gaya muku a gidan marigayi baffanku Haruna. Duk sanda kuka je gaisuwar salla, ana gama zuba shayi sai wata tsohuwa ta yi ajiyar zuciya ta ce ai da Isiyaku bai sayar wa jami'a littafin gado ba, da yanzu yana nan ɗungurungum. Ku kuma sai ku sunkuyar da kai kuna gyaɗawa, da wannan Hausar taku da Larabci ya cinye rabinta, ba mai iya haɗa jimla ɗaya ya kare ubansa. To Isiyakun bai mutu ba tukuna, kuma ya sami biro. Ban sayar ba. Abin da na ci a kan littafin nan kaf shi ne kofin shayi ɗaya, shi ma ya huce kafin a miƙo min.

Littafin fikihu ne, rubutun hannu, takardunsa sun yi kalar ƙasa, bakinsu ya cinye kamar ɓera ya lasa. Ba a ɗinke yake ba. Littattafanmu na can gida haka suke, warƙa a kan warƙa, a haɗa su tsakanin fata biyu a ɗaure da tsirkiya a zura a gafaka. Rubutun baƙi ne, amma kan kowane babi da jan tawada aka yi shi, kuma a gefe malamai barkatai sun yi ta cusa nasu bayanin, wani a tsaye, wani a kwance, wani ma sai ka juya takardar. Baba ya gaje shi wurin kakansa, kakan ma gada ya yi. Da Baba ya taso daga ƙasar Kano zuwa hajji ta ƙasa, ya sayar da jakinsa a hanya, ya sayar da rigarsa ta ado, amma gafakar nan ta iso Makka a rataye a wuyansa. Ya yi hajji ya ce zai ɗan huta kafin ya koma. Hutun nan ne ya haife mu mu uku a unguwar Tandabawi: Yaya Haruna, ni, da ƙanwarmu Rakiya.

Kada ku ɗauka malami ne ke ba ku labari. Na yi karatun allo har zuwa inda malam ya gaji da ni, boko kuwa da gemuna na tsince shi a jikin allunan shaguna. Idan na buɗe littafin Baba, jan rubutun kawai nake ganewa, shi ma don ja ne. Yaya Haruna shi ne mai karatun gidan. Shi ke zama gaban Baba bayan la'asar yana ja, Baba na fassara. Shi ne kuma mai takarda, domin ya yi wa wani attajiri tuƙi, mutumin ya tsaya masa a wurin hukuma ya yi masa ikama, takardar izinin zama. Ni kuwa lokacin hajji ina Arfa ina jidar buhunan ƙanƙara, sauran shekara ina tura tsofaffi a keke wajen ɗawafi, in na hango askari, wato ɗan sanda, in tuna ina da uzuri a wani lungun.

A shekarar da nake ba ku labari, wani ustazu Basudane ya fara salla a masallacin lungunmu. Dogo ne, mai fararen haƙora da yawan sallama. Ya ga Baba yana juya warƙoƙi bayan salla, ya tsuguna ya leƙa. Ya ce shi ma'aikacin ɗakin karatu ne a jami'a, aikinsu ɗaukar hoton tsofaffin littattafai a kan wani siririn fim, maikurofim suke ce masa. Ya ce suna da irinsa cike da akwatuna, na littattafan da aka rubuta a Andalus da Istambul da ma ƙasashen Turawa tun zamanin da babu injin ɗab'i, ainihin littattafan suna can ƙasashensu amma hotonsu na nan. Ya ce daga irin takardar da hannun da ya yi rubutun, na Baba zai yi sa'a da su. Aro kawai yake so, a ɗauka a dawo da shi.

Baba bai amsa a masallaci ba. Sai da muka koma gida, Inna na tankaɗe a tsakar gida, Yaya ya tafi Ɗa'ifa da maigidansa, sannan ya kira ni.

"Isiyaku, gobe ka ɗauki gafakar nan ka bi mutumin nan."

"Baba, ba za a jira Yaya ba?"

"Littafin Yayanka ne ko nawa? Ka ga inda ruwan bara ya taɓa gefensa. Ka ga katafila tana cin unguwanni tana matsowa. Wanda ya kwafe shi da hannu ma daga wani ya kwafa. Wannan ma kwafi ne, alƙalamin ne kawai ya canza."

Inna ba ta ɗago daga rariyarta ba ta ce, "Ni dai ba ruwana. Yayanku zai dawo."

Haka take kiransa, Yayanku, domin ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba har ta koma ga Allah. Ku riƙe wannan: a gabanta aka aike ni.

Na bi ustazu a motarsa. A lokacin ƙofar jami'a ba ta da wani tsanani, mai gadi ya ɗaga mana hannu kawai. Aka shiga da ni wani ɗaki mai sanyi kamar cikin tulu. Ga tebur, ga fitila dama da hagu, ga kyamara a sama tana kallon ƙasa kamar shaho. Wani mutum da farar safar hannu yana ɗaukar warƙa ɗaya, ya shimfiɗa, ya taka wani abu da ƙafa, ƙyas, ya juya bayanta, ƙyas. Ni da na saba ganin Baba yana lasar yatsa kafin ya juya shafi, sai na ji kunya ta kama ni a madadin zuriyarmu gaba ɗaya. Na ce a nuna min hoton. Suka ce sai an gama an sarrafa fim ɗin, in dawo wani lokaci. Ustazu ya nuna min na wani littafin: abu kamar zaren tela a naɗe a ƙwarƙwaro, kowane shafi bai fi farcen babban yatsa ba. Na ce masa, ya ustaz, wannan ai sai aljani ya karanta. Ya yi dariya ya ce akwai na'urar da ke ƙara masa girma. A nan ne aka ba ni shayin da na gaya muku.

Bayan 'yan kwanaki ya kawo littafin har gida da kansa, babu warƙar da ta ɓata. Sai dai da yake takardun a warwatse suke, kafin su ɗauka sun bi kowace warƙa sun sa mata lamba da fensir a can kusurwar sama, ƙanana, don kada su rikice. Ni ban ma lura ba. Yaya Haruna kuwa ranar da ya dawo ya zauna karatun la'asar, idonsa bai sauka ko'ina ba sai kan lambar.

"Wa ya yi wa littafi shaida kamar saniyar kasuwa?"

Na gaya masa. Ya miƙe tsaye, warƙa a hannunsa.

"Ka ɗauki littafin da ba a taɓa shi sai da alwala, ka kai an haska masa wuta an zuƙe shi cikin akwati? Kai da ko sunansa ba ka iya karantawa? Nawa suka ba ka?"

"Yaya, ka tambayi Baba."

Baba daga kan shimfiɗarsa ya ce, "Ni na aike shi."

"Baba, ka tsufa, an yi maka wayo. Wannan yaron ne ya kawo maka Basudanen."

Yaron da ake magana lokacin yana da mata da 'ya'ya biyu. Na juya wurin Inna na ce ta faɗi abin da ta ji. Ta kalli bango ta ce ita tankaɗe take yi, ƙarar rariya ba ta bar ta ta ji komai ba. Rariya! Ku da kuka san rariya, ku gaya min ƙarar da take yi. Allah ya jiƙan Inna, ba ƙarya ta yi niyya ba, ba za ta iya kunyata ɗan farinta a gaban ƙaninsa ba ne kawai. Amma shirun nan nata shi ya zama hujjar da ake ta jifana da ita har yau. Kafin sati ya zagayo magana ta gama Tandabawi. Mai sayar da fura a bakin lungu, wadda ke ba ni ƙari tun ina yaro, ta fara auna min daidai. A masallaci wani ya tambaye ni ko jami'a na sayen carbi, yana da na kakansa.

Yaya ya daina zaman la'asar. Ya ce albarkar littafin ta bi hasken fitila ta tafi, abin da aka dawo da shi ɓawo ne. Baba ya riƙa buɗe gafakar shi kaɗai, idonsa kuma ya yi rauni, sai ya kira ni in zauna gabansa in riƙe warƙa. Ba na iya ja masa, shi ke karantowa da ka, ni aikina juyawa idan ya ce juya. Wani lokacin na san na juya kafin ya kai ƙarshe, shi kuwa sai ya ci gaba da karatunsa. Da hajjin shekarar ya wuce, na dawo daga Arfa da kafaɗa a saɓule, na tarar da shi a kwance. Bai tashi ba.

Abin da Baba ya bari bai taka kara ya karya ba: tabarma, buta, riguna, da littafin. Aka kira Malam Ɗahiru, limamin lungunmu, ya raba. Da aka zo kan littafi ya ce abin da ya fi shi ne mutum ɗaya ya riƙe shi dunƙule, sauran su yafe ko a ba su wani abin a madadi. Tun bai rufe baki ba na ce na yafe, Yaya ya riƙe duka, shi ne mai karatu. Ku ji da kyau, domin wannan ba a faɗa muku a can gidan. Ni na fara yafewa.

Yaya ya ce, "Ba na karɓar sadaka daga hannun wanda ya riga ya ci kuɗin abu. A raba. Kowa ya ɗauki nasa, mai son kai nasa jami'a ya kai."

"Yaya, littafi ne fa, ba ragon layya ba."

"Da ka san haka da ba ka kai shi mahauta ba."

Na dubi Rakiya ko za ta taimake ni. Lokacin an kama mijinta babu takarda, ana shirin mayar da su gida da 'ya'yansu, gidan da ba ta taɓa gani ba. Tana kuka ta ce, "Yaya Isiyaku, ka yi haƙuri. Ni ban san kowa a can ba. Ina so in tafi da abin da hannun Baba ya taɓa." Da wane baki zan hana ta? Inna kuma ta ce ita ba ta son ko warƙa ɗaya, a ba ta gafakar kawai, tana ƙanshin mai ita.

Malam Ɗahiru ya yi ta lallashi har ya gaji. A wurin mutanenmu raba littafin malami tsakanin magada ba sabon abu ba ne, ana ganin kowa ya sami rabonsa na albarka, ba a damu da inda magana ta tsaya ba. Sai ya kwance tsirkiyar, ya tsayar da takardun a gefensu, ya auna kaurinsu da yatsu ya kasa biyar: biyu na Yaya, biyu nawa, ɗaya na Rakiya. Ba da babi aka raba ba, da kauri aka raba, kamar ana yanka alkaki. Na ce ni ba zan ɗauka ba. Yaya ya ce to a sake kasa nawa tsakaninsa da Rakiya. Da na ga za a ƙara yanka shi, na miƙa hannu na karɓa. Yaya ya ɗauki farko, tsarki da salla da azumi, nasa ya yanke a tsakiyar wata jimla a babin hajji. Ni na sami tsakiya, aure da saki da ciniki, ni da ban taɓa sakin kowa ba kuma ban taɓa cin riba ba. Rakiya ta tafi da ƙarshe. Daga baya Malam Ɗahiru ya gaya min babin rabon gado ma yana cikin nata.

Wannan ita ce sayarwar da na yi. Wanda ya kai littafi aka kwafe shi ya dawo da shi cif, shi ne ɓarawo. Wanda ya sa aka tsaga shi uku a gaban liman, shi ne mai kishin gado. In akwai wanda zai fahimtar da ni wannan lissafin cikinku, masu digiri, ina zaune.

Na koma jami'ar sau ɗaya bayan an yi rabon, ina so in ga littafin a haɗe ko da a ƙwarƙwaro ne. Na tarar ustazu ya koma ƙasarsu, an gina ƙofa mai ƙarfe, mai gadi ya ce ikama. Na ce littafin ubana ne a ciki. Ya ce ikama. Ba laifinsa ba ne, aikinsa yake yi. Na juyo ina lissafi a raina: littafi ya sami lamba, ya sami ɗaki mai sanyi, ya sami mai gadi, ni da aka haifa a garin ko inuwar ƙofar ban samu ba.

Shekaru suka yi ta tafiya. Katafilar da Baba ya hango ta iso, muka watse, kowa ya kama haya inda ya samu. Ni da Yaya muna gaisawa a jana'iza da ɗaurin aure, gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau. Matarsa ta gaya wa uwarku cewa duk azumi yana fito da rabonsa ya karanta tun daga farko, in ya iso inda jimlar ta yanke sai ya tsaya nan, ya naɗe. Ragowar jimlar tana cikin akwatina, tafiyar da ba ta isa a hau mota ba. Bai taɓa aikowa ba. Ni ma ban kai ba, kuma kada wanda ya ce min da na kai. Ni aka zaga.

Sai labari ya zo daga Kano cewa Rakiya ta rasu. Da muka tambayi takardun, ɗanta ya ce damina ta rushe ɗakin da suke ciki tun shekarun baya, abin da aka tono ya zama dunƙulen laka, kunya ce ta hana ta gaya mana. Bayan an share makoki, wata safiya na ji ana buga ƙofa da sanda. Yaya ne, ya tsufa ya rankwafa, da wani ƙunshi a cikin mayafi a hammatarsa. Bai shigo ba.

"Wannan jami'ar taka tana nan?"

"Tawa ce? Da tawa ce da an bar ni na shiga."

"Sa takalminka."

Muka ɗauki tasi. A ƙofa aka ce ikama, ya zaro tasa daga aljihu, aka buɗe masa. Ni aka nuna min wani dakali a gefen titi. Na ce wa Yaya ya faɗi sunan Baba kawai, da sunansa suka ajiye fim ɗin. Haka mutumin da ya ce fim ya zuƙe albarka ya shige ciki yana dogara sanda, ni da na ɗauko littafin a ƙirjina na zauna a rana ina kore ƙuda. Aka kira azahar, na yi a gefen titi. Ɗalibai na wucewa suna kallona, wani har ya miƙo min ruwa, ya ɗauka bara nake.

Da ya fito idanunsa sun yi ja. Na miƙe na ce yaya.

"Sun ɓata shi. Takardar ta koma baƙa, rubutun ya koma fari, kamar an juya riga. Jan tawadar ma babu, duk sun cinye. Wani yaro sai murɗa min abu yake yi, shafi na gudu kamar jirgin ƙasa, na ce masa ya walad, a hankali, wannan ya girmi kakanka."

"Amma yana nan?"

Ya yi kamar bai ji ba, ya tsayar da tasi. Sai da muka yi nisa na sake tambaya.

"Yaya, har na Rakiya?"

"Har inda mai rubutun ya roƙi duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a."

"Ka yi masa?"

"Na yi masa. Na yi wa Baba, na yi wa Rakiya."

"Ni fa?"

"Kai ai da ranka. Yi wa kanka."

Na juya ina kallon taga don kada direba ya ga fuskata. Can sai na ji an ɗora min abu a cinya. Ƙunshin nan ne na cikin mayafi. Ya ce in riƙe masa, gwiwarsa na ciwo. Ban kwance ba, amma hannuna ya san kaurin, kashi biyu cikin biyar. Na zauna ina jira ya ce wani abu. Kalma ɗaya nake so, ko a gaban direban nan Bafakistane da bai san Hausa ba, ya ce Isiyaku, ba ka sayar ba. Ya yi ta maganar tsadar tumatir har muka iso ƙofar gidansa.

Ya sauka da ƙyar, ya gyara sandarsa, ya kama hanya. Na leƙo ta taga na ɗaga ƙunshin.

"Yaya, ka manta kayanka."

Bai waiwayo ba.

"Cewa na yi ka riƙe."